Musayar Baiti Kan Jirgin F-35 da Tsaron Samaniyar Finlan

Mai Alƙalami:

A watan Disamba na 2021 Finlan ta yanke shawarar sayen jiragen yaƙi 64 ƙirar F-35A daga kamfanin Lockheed Martin na Amurka, domin su gaji tsofaffin jiragenta na Hornet. Na kawo batun cikin baiti, kuma duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Ku zo, ma'abota sani, mu zauna mu tantance,
Shin jirgin da Finlan ta zaɓa, ta ce ya dace,
Shi ne zai tsare samaniyarta ranar fafatawa?

Iyakarta da Rasha ta zarce kilomita 1,300 a tsayi,
Maƙwabcin kuwa ya girke rada da makamai masu linzami masu nauyi,
To jirgin da rada ke shan wuyar gani, ko da dare ko cikin sanyi,
A ganina shi ne ya cancanci yabawa.

Matuƙinsa yana hango abokin gaba tun daga nesa,
Kwalkwalin kansa yana nuna masa abin da ke sama da ƙasa,
Ya rarraba bayanin nan take ga sauran dakarun ƙasarsa,
Kafin a farga da shi ya riga ya gama harbawa.

Tsohon Makanike:

Malam, na ji baitinka, kuma ban raina shi ba,
Sai dai shekarun da na yi ƙarƙashin fiffiken jirgi ban manta da su ba,
Jirgin da ke jiran kayan gyara bai taɓa tare kowa ba,
Domin ba a cikin rumfa ake yin karawa.

Na taɓa ganin jirgi lafiyayye ya yi makonni wuri ɗaya,
Saboda 'yar robar hana yoyon mai, wadda ba ta fi zobe ba a kewaya,
Muna ta rubuta takarda, muna ta bugun waya,
Matuƙa sun yi jugum, kowa na jiran isowa.

Jirgin yaƙin Gripen na Suwidin an ƙera shi ne don ya sauka a titin mota,
Makanikai kaɗan su ɗura masa mai, su ɗaura makami, ya sake fita,
Ƙasar da ta san za a fara ne da ragargaza filayen jirginta,
Irin wannan ya kamata ta fi dubawa.

'Yar Lissafi:

Baba, ka sosa mini daidai inda yake ƙaiƙayi,
Yuro biliyan 10 aka ware wa sayen F-35, kuma shi ne ƙaramin nauyi,
Mai da gyara da horon matuƙa har shekarun 2060 za a yi ta yi,
Su ne kuɗin da ba a cika ambata ba ranar sanarwa.

Ku tuna Turkiyya, wadda ta taɓa ƙera wasu sassan F-35 da hannunta,
A 2019 Amurka ta fitar da ita daga shirin, ta hana ta,
Saboda ta sayi makamin kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha ta kai ƙasarta,
Mai riƙe da manhaja da kayan gyara yana da ikon hanawa.

Mai Alƙalami:

'Yata, hujjarki ta Turkiyya ta yi ƙarfi, na karɓa,
Amma injin da ke cikin Gripen ma na Amurka ne, in kin duba,
Wanda ya gudu daga wannan igiya bai tsira daga waccan ba,
Sai dai a yi maganar wacce ta fi saurin shaƙewa.

Kuma Finlan ta shiga NATO a watan Afrilun 2023 bayan dogon nazari,
Norwe da Denmak na tuƙa F-35, kayan gyara za su zo da wuri,
Kamfanin Patria na Finlan zai harhaɗa gaban gangar jirgin a gida bisa tsari,
Ga aikin yi, ga sanin sirrin gyarawa.

Baba, a Satumban 2023 jiragen F-35 na Norwe suka zo,
Suka sauka a titin mota a Tervo, cikin Finlan, da ƙwazo,
Abin da ka ce sai Gripen, ga wani ya yi shi ba gizo,
Ina jiran abin da za ka ce wajen amsawa.

Tsohon Makanike:

Na yarda ya sauka, Malam, ba na musun abin da ido ya gani,
Amma sauka ɗaya a lokacin lumana, an share titi tun yini,
Ba ta kama da mako uku a daji, ƙanƙara na cin yatsun mai gwani,
Ga fentin ɓoye jirgi daga rada da ke son lallaɓawa.

Abin da nake so a faɗa mini, kuma da gaske nake tambaya,
In an yi kwana goma ana wuta, an datse hanyar kawo kaya,
Cikin jirage 64 ɗin nan, nawa ne za su tashi lafiya,
Nawa ne za a kwance don a samu abin da za a yi ta musanyawa?