Matuƙan jirgin sama, kuna dai taɓa tuƙi da hannu kuwa?

Ɗalibi daga Palladan: Assalamu alaikum manya. Mu nan Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, da hannu muke yin kusan komai a kan ƙananan jirage irin Diamond DA40. Amma yayyenmu da suka shiga kamfanoni sun ce da an ɗaga ake danna otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, sai gab da sauka a karɓa. Hannu ba ya sanyi a haka? A ba mu labari.

Mataimakin Kyaftin: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yana sanyi mana. A can sama, tsakanin ƙafa 29,000 da 41,000, tazarar ƙafa 1,000 kawai ke tsakanin jirage, don haka na'ura ake bar wa, ba zaɓi ba ne. Ni in na ga sama garau, ba cunkoso, sai in nemi izinin kyaftin in karɓa tun daga nesa. Wani ya ce bismillah, wani ya haɗe rai. Kuma ido ne ke fara nauyi kafin hannu: kana kallon gudu, tsayi ya zame maka.

Tsohon Kyaftin: Yara, ku karanta binciken haɗarin jirgin Air France 447. A 2009 ne, daga Rio zuwa Paris, Airbus A330, rai 228 suka salwanta. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, otofailot ya saki jirgin cikin dare a kan teku. Injuna lafiya ƙalau. Wanda ke riƙe da tuƙi ya yi ta jan hanci sama har fukafukai suka daina ɗaukar jirgin, ƙararrawa na ta kuka, ba su farga ba. Abin da ake koya wa ɗalibi a Zariya tun farkon karatu, wato sauke hanci, shi ya gagara. Shiga simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, duk wata shida na da amfani, sai dai kowa ya san a gwajin za a kashe inji a wajen tashi, an haddace. Amma kada a ji ni a baibai: ranar da hazo ya rufe Kano, ban taɓa yin gasa da na'ura ba.

Malamin Tuƙi, Zariya: Ranka ya daɗe, ai tun daga nan abin ke farawa. Jiragen koyo na yanzu allon kwamfuta gare su, yaro ya ƙura masa ido ya manta da taga. Nakan rufe allon da takarda in ce ya kai ni Zariya. Nan za ka ga gumi, yana laluben titin Kano da layin dogo. Haɗarin jirgin kamfanin Asiana ma a San Francisco, 2013, rana tsaka ce, matuƙan sun ɗauka na'ura na riƙe da gudu, alhali ta saki.

Ɗalibi daga Palladan: Malam, ashe takardar nan kowa ake yi wa? Gobe da safe ni ke da tashi, Allah ya sa ba hazo.