Ƙanena ya rasa barci da kuzari: ina za mu nufa?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema a kan ƙanena, shekararsa 23, yana jami'a. Tun bayan ƙaramar salla yaron nan ya canza. Kasala kullum, barci sai gab da asuba, yana cewa kansa na zafi kamar an ɗora masa garwashi, in ya buɗe littafi ba abin da ke shiga. Gabansa na faɗuwa ba gaira ba dalili. Abin da ya fi cin ransa, wanda da ƙyar ya faɗa mini, shi ne yawan mafarki, da wani farin ruwa da ke fita in ya yi yunƙuri a bayi. Ya sa a ransa ƙarfinsa ne ke tsiyayewa, wai ba zai iya aure ba. An sha maganin taifot, an sha na sanyi, shiru.

Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Ƙanenka dai ko? To mun ji, ƙanenka ne 😄 Wannan ai sanyi ne ya kama shi. Akwai masu zuwa da mota da lasifika ranar kasuwa, garinsu ake damawa da madara da zuma. Sati guda zai miƙe.

Ɗan Gwammaja: Wallahi ƙanena ne, Yaya. Irin wannan garin ma ya sha. Fuskarsa ta yi ja, kansa ya yi ta sarawa, shi ke nan.

Mai Kemis: Tsaya nan. Jan fuska da ciwon kai bayan shan gari, ba aikin saiwa ba ne a mafi yawan lokuta. Hukumomin kula da magani a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, an niƙa an zuba a abin da ake sayarwa da sunan na gargajiya. Ba awo ba ƙima. Mai shan maganin zuciya irin na ciwon ƙirji in ya haɗa su, jininsa na iya faɗuwa warwas. Mai sikila kuwa gaba na iya miƙewa ya ƙi kwanciya, kuma in ya wuce awa 4 sai asibiti da gudu. Mai Shayi, kana sayar da madarar ne shi ya sa kake tallata garin?

Mai Shayi: Allah ya isa tsakanina da kai, Mai Kemis 😂

Malam Na Zaure: Kafin likitoci su shigo, bari in sauke masa nauyi ɗaya. Mafarki ga saurayi ba cuta ba ne, ba kuma zunubi ba ne. Wanka ne kawai ya hau kansa. Farin ruwan nan mai kauri da ke biyo fitsari ko yunƙuri, malaman fiƙihu sun daɗe da saninsa, shi ne wadiyyi. Hukuncinsa a wanke wurin a sake alwala. Da abin halaka ne da ba a koya wa yara hukuncinsa a makarantar allo da zaure kamar kowane babi na tsarki ba. A faɗa masa haka da bakin wanda yake jin nauyi.

Nas Auwalu: Malam ya gama rabin aikin. Ruwan nan daga ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda ake kira prostate, yake fitowa, yunƙuri ne ke matso shi, musamman ga mai taurin bayan gida. Jiki kuma kullum cikin ƙera sabon maniyyi yake, ba rumbu ba ne da za a ce ya ƙare. Amma kasalar gaskiya ce, kada a raina ta. Ni abin da zan ce a yi kafin a sake sayen ko ƙwaya ɗaya: a auna yawan jininsa, a auna sukari da safe bai ci komai ba (in ya kai 126 ko ya haura sai a maimaita a tabbatar), a duba ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau, a yi gwajin fitsari. In ya taso yana wanka a kududdufi ko dam, a ce a duba tsargiya. In akwai rama da gumi da rawar hannu, likita zai ƙara gwajin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya. Shi kuma gwajin Widal da ake dogara da shi a ce taifot, yi ɗaya ba ya tabbatar da komai, mutane da yawa lafiyarsu ƙalau zai nuna suna da shi.

Ɗan Gwammaja: Nas, to shi sanyin fa? Kowa sanyi yake cewa.

Nas Auwalu: Ciwon sanyi na gaske yana zuwa da zafin fitsari da ruwa mai kama da mugunya, kuma ta saduwa ake ɗaukarsa. Gwaji ke nuna shi, allura da ƙwayoyi ke kashe shi. In babu wannan, shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ɓata ciki kawai yake yi.

Direban Zariya: Ni tambaya ɗaya gare ni, kuma kada ka ji haushi. Yana shan tramol? Ko ruwan kwalba? Ka zauna da shi ku biyu, ba gaban Hajiya ba. A tasha na ga samari da yawa sun fara shi don ƙarfin aiki, wasu don jimawa da iyali. Ranar da babu, sai hamma, kasala, faɗuwar gaba, rashin barci, daidai abin da ka lissafa. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma ba a daina samu ba.

Mai Kemis: Gaskiyar Direba. Tramol ɗin da doka ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, amma na bayan fage har mai 225 ake yawo da shi. Shi ke kada yaro ya yi ta jijjiga kamar mai farfaɗiya. In yana sha, kada a ce ya yanke rana ɗaya a gida, a kai shi a rage masa a hankali.

Ɗan Gwammaja: Na tambaye shi ɗazu. Ya rantse ba ya sha. Amma Nescafé da goro, da lemon gwangwani na ƙarin kuzari, wannan kam kullum dare lokacin jarrabawa.

Dakta: Na karanta duka. Abin da Nas ya lissafa a yi shi, don kada a bar ciwon sukari ko ƙarancin jini a baya. Amma in sakamako ya fito lafiya, kada ku ce asibiti sun kasa gano komai ku koma wajen mai lasifika. Wannan yanayin sananne ne. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya masu kukan zafin kai, jin abu na tafiya a ka, dishi-dishin ido, da karatu ba fahimta. Kafin shi, a Amurka, George Beard ya yi ta bayani tun 1869 a kan gajiyar jijiyoyi, kuma jaridun Amurka da Ingila na wancan zamani cike suke da tallan maganin dawo da mazakuta, har da ɗamarar lantarki da ake ɗaurawa a ƙugu. A Indiya ma samari na zuwa asibiti da wannan tsoron na zubar maniyyi. Da aka bi diddigi, yawancinsu damuwa ce da fargaba suka fito ta jiki. Tsoron kansa yana hana gaba motsi, rashin motsin ya ƙara tsoron.

Maganinsa kashi biyu ne. Na farko zama da likita ko masanin halayyar ɗan Adam a warware masa abin da ya ƙulla a ransa, a gyara barci, a ajiye kofi da goron dare, a motsa jiki. Wasu wannan kaɗai ya ishe su. Na biyu, in damuwar ta yi zurfi, akwai ƙwayoyi irin amitriptyline ko fluoxetine. Ba sa aiki nan take, sai sati 2 zuwa 4 ake fara ganin sauyi, kuma bayan an ji sauƙi ana ci gaba kamar wata 6. Amitriptyline yana sa barci da bushewar baki, fluoxetine kan rage sha'awa ga wasu, don haka a gaya wa likita in an ga haka maimakon a watsar. Ba na kemis ba ne a saya da ka. Diazepam kuma a guje shi, yana sa barci yau ya kama mutum gobe.

Abu ɗaya ba ya jira: in ya taɓa cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, yau za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai.

Ɗan Gwammaja: Bai faɗi haka ba, alhamdulillahi. Amma Dakta, in na ce masa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau wallahi ba zai bi ni ba. Cewa zai yi na mai da shi mahaukaci.

Baba Ɗanlami: Yaro, ba sai ka ambaci Dawanau ba. Ku je Asibitin Malam Aminu Kano ta ɓangaren da kowa ke yankar kati, likitan farko shi zai tura ku sashen ƙwaƙwalwa in ya ga da buƙata. Ɗan wajena haka muka yi da shi, yanzu yana da 'ya'ya biyu. Na Kaduna kuma suna da Barnawa, na Sakkwato suna da Kware, Maiduguri ma akwai nasu na tarayya.

Malam Na Zaure: Addu'a da azkar kada ya bari, amma ba su hana shan magani. Kuma don Allah kada a yi masa auren gaggawa wai shi ne waraka. Yarinyar mutane za a jefa cikin damuwa ta biyu.

Mai Shayi: To shi ke nan, an kashe mini kasuwa. Amma ƙwai da madara dai ba wanda ya hana ko, Dakta?

Dakta: Ya ci abinsa. Banda garin.

Ɗan Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Litinin za mu je in sha Allahu. Nas, gwajin sukarin nan, ruwa ma ba zai sha ba?

Nas Auwalu: Ruwa zalla ba komai. Abinci da shayi ne zai bari tun bayan cin dare, aƙalla awa 8. Ku fita da sassafe saboda layi, ku kuma tafi da duk kwalayen magungunan da ya sha, har ragowar garin, likita ya gani.