Me 'yan sandan ƙananan garuruwa ke yi da motocin sulke?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman bayani kan yadda 'yan sandan ƙananan garuruwan Amurka suke samun motocin sulke irin na sojoji, alhali aikinsu kare farar hula ne.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam, Malam. Tushen lamarin shi ne shirin 1033, wanda majalisar dokokin ƙasar ta amince da shi a dokar tsaro ta 1997, inda ma'aikatar tsaro take ba 'yan sanda rarar kayan yaƙi kyauta, su kuwa su ɗauki nauyin jigila da gyara. Ta wannan hanya ne motocin MRAP, waɗanda aka ƙera domin jure nakiyoyi a Iraƙi da Afganistan, suka shiga titunan garuruwa.

Uwar Gida: Ba za a ce ba su da amfani ba, domin a harin da wani ɗan bindiga ya kai wani gidan rawa a birnin Orlando a 2016 an yi amfani da motar sulke wajen fasa bango aka kuɓutar da mutane.

Ɗan Birni: Gaskiya ne, Hajiya, amma irin wannan rana ba kullum take zuwa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka fito da su a kan masu zanga-zanga a garin Ferguson a 2014, bayan wani ɗan sanda ya kashe Michael Brown, wani matashi baƙar fata. Obama ya taƙaita shirin a 2015, Trump ya soke taƙaitawar a 2017. Ɗan sandan da aka yi wa shiri irin na soja yakan fara kallon mutanen unguwarsa a matsayin abokan gaba.