Idan naku yana tsare, yana jiran shari'a

Da muka tattauna batun, kusan kowa ya ce a nemi lauya tun ranar farko. Mara hali ya je ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya, na jiharsa, ba a biyan ko sisi. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Shawarar wata baiwar Allah ta fi kama ni: a rubuta lambar ƙara da ranar zama a takarda a ajiye, domin fayil kan ɓata, mutum ya shekara a gidan yari an manta da shi. A kuma kasa kunne don jin ranar da babban jojin jiha zai kai ziyara gidan yari don duba waɗanda ke tsare, a miƙa sunan naku.