Wace Hausa za a ba "biweekly" kafin La'asar?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. An kawo min sanarwar rancen mata masu ƙananan sana'o'i, bayan La'asar za a karanta a rediyo. An ce za a riƙa biya biweekly. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya ba ni ma'ana biyu: sau biyu a mako, ko sau ɗaya a mako biyu. Don Allah a agaza.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. In zancen kuɗi ne, yawanci ta biyun ake nufi. A Amurka mai albashin biweekly sau 26 yake karɓa a shekara. Ki sa "mako bibbiyu", tunda muna da mako-mako.

Hajiya Mai Adashi: Ƙanwata, kar ki yi kirdado. Biya 26 a shekara daban, biya 104 daban. Mai tuyar ƙosai in ta ji sau biyu a mako, wallahi ko takardar ba za ta karɓa ba. Ki kira waɗanda suka rubuta.

Baba Malami: Ai tun bara nake kawo shawarar "tagwanmako". Kalma ɗaya tak, kamar yadda Bature ya yi tasa.

Ɗan Zazzau: Allah ya gafarta Malam, tagwaye ai tare suke zuwa. Mai sauraro zai zaci biya biyu ne a mako guda. Mun koma gidan jiya ke nan.

Baba Malami: To rediyo ma da aka fara faɗa, wa ya gane? Da amfani kalma ke zama. Ku yaran yanzu kun fi son sati da mako, kun fi son aro da ƙirƙira.

Ɗan Fagge: Baba, sati ya zama namu. Je ka Kantin Kwari ka ji wanda ake faɗa.

Baba Malami: Kasuwa ce za ta koya mana Hausa?

Bamaraɗe: Ku dai da Ingilishinku! Mu nan Nijar ba mu san wannan rikici ba. Faransanci ya raba: bihebdomadaire sau biyu a mako, bimensuel sau biyu a wata, bimestriel wata bibbiyu.

Ɗan Fagge: Su ma Turawan Ingila suna da fortnightly, daga dare 14 aka samo ta, ba ta da harshen damo. Kuma a kula, sau biyu a wata 24 ne a shekara, bai kai 26 ba.

Bamaraɗe: Amma ai ku kuka fi cika Hausa da Turanci.

Mai Fassara: Jama'a, uku ta wuce fa. Na bi shawarar Hajiya na kira su. Sun ce mako biyu suke nufi. Na rubuta: "Za a riƙa biya duk bayan mako biyu, wato kwana 14."

Ɗan Zazzau: Ya yi, ko da yake "mako bibbiyu" ya fi gajarta.

Hajiya Mai Adashi: Ki bar kwana 14 ɗin, shi mata za su riƙe.

Baba Malami: Wannan bayani ne, ba kalma ba ce. A karanta haka na yau. Amma ban janye tagwanmako ba.