Mustang, C63 ko Cayman? Ku ba ni shawara kafin in zuba kuɗina

Ɗan_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Shekara shida ina hawan Camry, lafiya lau take ba ta taɓa kunyata ni ba, amma wallahi tun ina yaro raina ke son motar gudu irin mai ƙofa biyu ɗin nan da in ta taso sai an waigo, yanzu Allah ya ɗan hore nake so in cire wa kaina wannan ƙwalamar. Guda uku aka turo min hotonsu: Ford Mustang GT 2016 tokumbo tana Legas, Mercedes C63 AMG 2010 ta hannu a Abuja, sai Porsche Cayman 2007 wai wani Alhaji ne ya ajiye ta ba ya hawa. Kuɗinsu ba su yi wa juna nisa sosai ba. A Kano nake zaune, Camry ɗin ba zan sayar ba. Wacce za ku ce in ɗauka?

Makanikin_Apo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda ka ce Camry na nan to hankalina ya kwanta, don da cewa ka yi za ka sayar da ita da sai in ce ka je ka yi istihara tukuna.

Bari in fara da Cayman don ita ce na san ta fi sace maka zuciya a hoto. Injinta a tsakiya yake, bayan kujera, ba gaba ba ba baya ba, ka buɗe bonet ka ga wajen saka jaka ka buɗe but ka ga wajen saka jaka, yaron gareji zai yi ta zagaye yana neman inji. Na 2007 ɗin nan suna cikin waɗanda ake tsoron wani boris da ake ce wa IMS, duk da dai a wannan shekarar an ƙara masa girma bai cika cin mutane kamar na da ba, sannan in mai injin lita 3.4 ce akwai matsalar karcewar cikin silinda, za ka ji tana ƙas-ƙas da safe tana shan baƙin mai, bakin salansa ɗaya ya fi ɗaya baƙi. Daga 2009 suka canja injin gaba ɗaya suka cire IMS ɗin. Kuma maganar "Alhaji ya ajiye ba ya hawa" ni ba ta burge ni, mota irin wannan zama ya fi tafiya lalata ta, robobi su bushe, taya ta tsage, fetur ya ruɓe a tanki.

C63 kuwa kai, wannan injin V8 ne mai lita 6.2 duk da an rubuta 6.3 a gefe, kukansa kaɗai ya isa ka manta bashin da ake binka. Ta 2010 ƙofa huɗu ce fa, mai ƙofa biyu sai daga 2012. Na farko-farkon suna da ciwon ƙusoshin kan inji, su tsinke ruwa ya shiga inda bai kamata ba, sai wajen 2011 aka gyara, don haka ka tambaya ko an canja su a nuna maka shaida ba baki ba. Ta hannu ce kuma a Abuja, ka san samarin da suke juyi da irinta da daddare, ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, na nan ko an cire an sayar. Tayar baya kuwa kamar kana saya mata ƙuli-ƙuli.

Ni da ni ne Mustang zan ɗauka. Injin 5.0 ɗin nan ba shi da tsirfa, kuma kamfanin da kansa ya yarda a zuba mata fetur na gama-gari sai dai ƙarfi ya ɗan ragu, su kuwa na Jamus biyun mai ƙarfin oktan suke so wanda da wuya a samu a gidajen manmu, a zafin Kano na watan Afrilu za ka ji inji na ƙara in ka taka. Abu ɗaya ka gwada sosai shi ne esi, na 2015 zuwa 2017 an san su da yoyon iskar esi daga can ciki, gyaran sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Baban_Ummi:
Ƙanena ka ji maganar oga makaniki amma ni ta wani ɓangaren zan zo maka, don ni an taɓa dafa ni. Wata motar gudu na saya a hannun wani dillali, fenti na sheƙi ciki na ƙamshi, wata biyu ana lafiya sai gilas ya fara sauka da kansa, yau fitila ta kama gobe hon ya ƙi, har ranar da ta mutu min a tsakiyar titin Zariya da azahar. Da aka ɗaga kafet muka tarar da busasshen taɓo da tsatsa a ƙasan kujera, ashe motar ambaliya ce daga Amurka. Duk guguwar da aka yi a can, irin ta Houston a 2017 ko ta Florida a 2022, motocin da ruwa ya cinye inshora ke kai su gwanjo, a saya da arha a wanke a turo mana.

To ga abin da za ka yi kafin ka tura ko sisi. Ka ce a ba ka lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba da jikin ƙofa. Ka saka ta a Google kawai, in ta bi ta gwanjon Copart ko IAA sau da yawa hotunanta na nan yadda take kafin a gyara, za ka ga ko ɗan bugun bamba ne ko kuwa gaban ne ya shige ciki. Ka biya a ciro maka Carfax, wato rahoton tarihin motar, ka ga mil nawa ta yi na gaskiya don mita ana juya ta. Dillalin da ya fara "ai Alhaji ba sai an kai ga haka ba, ka yarda da ni" ka yi masa sallama cikin mutunci.

Ejan_TinCan:
Ƙari kan na Baban Ummi. A Mustang ɗin ka ƙirga harafi na takwas a lambar shasi: F shi ne V8 na gaske, H mai silinda huɗu ce da turbo, M kuma V6. Ana manna tambarin GT da 5.0 a jikin ƙananan a ƙara kuɗi, na gani da idona. Sai takardun kwastan, a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, to in aka ce maka ta Kwatano ta biyo ka san inda ka dosa. Ka kai takardun ofishin kwastan a tantance an biya diyuti cikakke kuma lambar shasin ta dace, in ba haka ba wata rana a hanyar Kaduna za a sauke ka da iyalinka.

Maman_Sadiq:
Ni dai tambaya gare ni Alhaji, layinku kwalta ce? Don maigidana ya yi irin wannan sha'awar, da damina motar a gidan abokinsa take kwana saboda ba ta iya shiga unguwarmu, duk tudun rage gudu sai ya bi shi a karkace kamar kaguwa mu kuma muna baya gwiwa a haɓa. Me ya sa ba wanda ya ambaci Lexus RC 350? Ƙofa biyu ce ita ma, injinta dangin na Toyota V6 ne, ko ba komai makanikinka ba zai tsaya yana kallonta kamar baƙuwa ba.

Ɗan_Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya layinmu kwalta ce amma akwai wani kwalbati a bakin get da yanzu kika sa na fara tunaninsa. Cayman na cire ta a lissafi. Na nemi lambar shasin Mustang tun ɗazu, mutumin ya ce wai yaron da ke riƙe da makulli ya fita, zai turo da yamma. Oga makaniki in ta fito F ce kuma hotunan gwanjon ba su yi muni ba, nawa za ka caje ni mu je Legas tare da na'urarka ka duba min ita?