Sallama ko albashi: da me za a riƙe yaron shago?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Wanda zai ji haushi ya ji. Al'adar nan ta a ajiye yaro a shago ba albashi, sai kuɗin abinci da na mota, wai wata rana za a sallame shi, ta zama yaudara. Shekara 9 na yi wa maigidana. Ni ke buɗe shago, ni ke shiga sito, ni ke bin bashi har Maraɗi. Da na taso da maganar aure, turmi 20 na atamfa aka ba ni da "Allah ya sa albarka". Da albashi ake ba ni, da na san abin da na tara.

Baban Khalifa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, an cuce ka, ban musa ba. Laifin babba rowa. Amma ni ma yaro na yi, kuma babban abin da na samu ranar sallama ba kuɗi ba ne. Maigidana ya kama hannuna ya kai ni wurin dilolinsa ya ce, ku ba shi kaya bashi, ni na tsaya masa. Wane albashi ne zai saya maka wannan? Ku duba dala: kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin mai albashi ya narke a aljihunsa, shaddar da ke kan kantar shago kuwa ta bi dalar ta hau.

Maman Ihsan: Alhaji, shaddar da ta hau ta maigida ce, ba ta yaro ba. Ni aikina kula da ma'aikata a wani kamfani, abin da na gani shi ne mutum ba ya riƙe amana da alkawarin da ba shi da rana. Yaro yana ƙirga miliyoyi da hannunsa, ya koma gida ba kuɗin maganin mahaifiyarsa. An ba kura ajiyar nama, sannan a zo ana cewa yaran zamani ba amana.

Barista: Bari in sa baki ta fuskar doka, don ana yawan ruɗewa. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato yawancin shagunan kasuwar Kantin Kwari ta Kano suna waje. Sai dai Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Idan kuma koyon sana'a ne, yarjejeniyar ba ta wuce shekara biyar, kuma a rubuce. Inda gizo ke saƙa, dokar ta cire iyalan mai ba da aiki daga waɗanda take kira ma'aikata. Mu kuwa da ƙanne da 'ya'ya muke fara cika shago.

Baban Khalifa: Barista, in na miƙa wa ɗan yayata takarda ya sa hannu, gobe uwarsa za ta kira ni tana kuka, wai na mayar da ɗanta bare.

Maman Ihsan: Gara ta yi kukan yau da na ranar rabuwa.

Malam: Ni dai abin da na karanta, ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an san ladan aiki, an san aikin ko wa'adinsa. Ku duba Suratul Ƙasas, aya ta 27. Dattijon Madyana zai aurar wa Annabi Musa, alaihis salam, 'yarsa, ga surukuta a tsakani, amma ya faɗi adadi: shekara takwas, in ka cika goma daga gare ka ne. Kunya ba ta hana shi yanka wa'adi ba. In kuwa riba za a raba, ga ƙiradi, wato ɗaya ya ba da jari ɗaya ya juya shi, a faɗi kaso tun farko, rabi ne ko sulusi. "Za mu duba ka" ba ta shiga ko ɗaya.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, na ji. To in na ce shekara biyar, jari kaza, sai Allah ya kawo irin ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022 ta jiƙa kaya? In sallame shi da me?

Malam: Sai a faɗi kaso maimakon adadin kuɗi, Alhaji. Kowa ya ɗanɗana abin da kasuwa ta bayar.

Ɗan Kwari: Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari ai haka suke yi, a zauna gaban iyayen yaro a yanka shekaru.

Barista: Su ma ana jin ƙorafin wa'adi ya kusa cika sai maigida ya ƙaga wa yaro sata ya kore shi. Amma aƙalla akwai shaidu da ranar da za a kama.

Baban Khalifa: Ɗan Kwari, tsaya. Ba yara biyu na gani a teburinka ba? Nawa kake ba su a wata?

Ɗan Kwari: Ranka ya daɗe, yanzu nake tasowa. Kuɗin abinci dai kullum, da ɗinkin sallah. Kasuwar ce ba ta tafiya.

Maman Ihsan: Shekara nawa ka ce musu za su yi?

Ɗan Kwari: Hajiya, ɗayan ƙanen matata ne. Ba mu kai ga wannan maganar ba tukuna.